Yaushin da ban ruwa ba ya warkarwa: fashin baƙi kan cutar da ke kwance a ƙasar lambu

Duk wanda ya daɗe yana noman rani a bakin Binuwai, ko a lambunan da ke bin gaɓar mayo, wato kogi, a kewayen Marwa a arewacin Kamaru, ya san wata irin asara da ke zuwa daidai lokacin da aka fara sa ran amfani. Tumatir ya kama, ya yi reshe, ya yi fure har ya soma ɗaura 'ya'ya, sai a wayi gari ganyayen ƙasa sun fara rawaya, da rana tsaka shukar ta langaɓe alhali fangalin a jiƙe yake, da dare kuma ta miƙe. Bayan 'yan kwanaki miƙewar daren ma ta daina, shukar ta bushe a tsaye da ɗanyun 'ya'ya a jikinta. Abin da mai lambu ya saba yi sananne ne: ya ƙara ruwa, ya ƙara takin zamani, ya nufi kasuwa ya sayo maganin feshi, wani lokacin ma irin wanda aka tanada domin ƙwarin auduga. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ke dawo da shukar, biyu na farko ma suna iya ƙara wa cutar ƙarfi.

Dalili kuwa shi ne cutar ba a kan ganye take ba. Mai haddasa ta wata fumfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu a rufe, sai dai ita wannan ido ba ya ganin ta sai da na'urar ƙara girman ƙananan halittu. Masana suna kiran ta Fusarium oxysporum, a jikin fakitin iri da takardun malaman gona na Faransanci kuwa za a ga an rubuta fusariose. Zarenta yana shiga ta bakin ƙananan saiwoyi, ko ta raunin da aka yi wa saiwa wajen cirar dashe, ko wanda fartanya ta yi lokacin noma, ya ratsa har ya kai ga siraran hanyoyin da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa ganye. Da ya isa can sai ya fara zubar da ƙananan ƙwayoyin haihuwa, ruwan da shukar ke ja da kanta ya riƙa haurawa da su, duk inda suka maƙale su tsiro su ci gaba.

Shukar ba ta miƙa wuya haka nan. Tana fitar da wani danƙo, jikin hanyoyin kuma yana kumbura ta ciki, domin a toshe wa fumfunar hanya a tsare ta a ƙasa. Idan ta yi wannan da sauri ta tsira, kuma wannan saurin shi ne babban abin da ya bambanta iri mai juriya da marar juriya. Idan ta makara, sai toshewar ta zama ajalinta, domin fumfunar ta riga ta wuce gaba, shukar kuma tana ta rufe hanya bayan hanya har ruwan da ke isa ganye ya kasa biyan bukatar rana. Shi ya sa yaushin ke fara bayyana da azahar, lokacin da ganye ya fi zubar da ruwa, shi ya sa kuma ya fi tsananta sa'ad da 'ya'ya suka fara girma, bukatar ruwa ta ninka. Haka nan ne ya sa sau da yawa ake ganin gefe guda na shukar, ko rabin ganye guda, ya yi rawaya ɗaya gefen yana kore: hanyoyin wannan gefen ne suka fara toshewa.

Wanda ya fahimci wannan ya san dalilin da ya sa feshi ba ya aiki. Magunguna irin su Mancozeb, waɗanda ake sayarwa a kowace kasuwa daga Garwa zuwa Kusri, suna kwanciya ne a bayan ganye su kare shi daga cututtukan da iska da yayyafi ke kawowa, kuma a wannan aikin suna da amfani. Ba su shiga cikin kara, balle su buɗe hanyar da ta riga ta toshe. Maganin ƙwari kuwa ba shi da wata alaƙa da fumfuna ko kaɗan, abin da kawai yake bari shi ne guba a jikin tumatirin da za a kai kasuwa. A ganina, mai shagon da aka kawo masa shuka mai wannan yaushi ya miƙa kwalbar feshi, ko dai bai san cutar ba, ko kuwa ya san ta ya zaɓi ciniki.

Idan shukar ta mutu, fumfunar tana fitowa daga hanyoyin ruwa ta mamaye ragowar karan da saiwar, ta yi wasu ƙwayoyi masu kaurin ɓawo waɗanda ke jure fari da zafi, su kwanta a ƙasa shekaru masu yawa suna jiran saiwar da ta dace da su. Tana kuma iya maƙalewa a jikin saiwar ciyayi da wasu amfanin gona ba tare da ta nuna musu wata illa ba. Iska ba ita ce babbar hanyar tafiyarta ba. Ƙasa ce ke ɗaukar ta: ƙasar da ta manne a saiwar dashen da aka sayo, da ta jikin fartanya da garmar shanu, da ta tafin ƙafa da kofato, da wadda ruwan ban ruwa ko ambaliyar mayo ta watan Agusta ta kwaso daga lambun sama zuwa na ƙasa. A wasu amfanin tana bin iri ma. A yankin noman auduga na Tanzaniya da ke kusa da Tafkin Biktoriya, irin shuka yana cikin manyan hanyoyin da cutar ta bi ta watsu daga gunduma zuwa gunduma.

Akwai wani hali nata da ya kamata manomi ya riƙe, domin a kansa ake gina dabarar juya shuka. Fumfunar nan rassa-rassa ce, kowane reshe da abincinsa. Mai kama tumatir daban, mai kama kankana daban, na wake daban, na riɗi daban, na albasa daban, na auduga kuwa yana taɓa kuɓewa. Reshen tumatir ba ya sa dawa ko masara yaushi, na kankana ba ruwansa da tumatir. Har akwai reshen da ba ya kama komai sai ƙuduji, wanda masu bincike a Afirka suka daɗe suna gwada shi a matsayin makamin yaƙi da wannan ciyawa a gonakin dawa da masara. Saboda haka lambun da ya gaji da tumatir bai mutu ba, ya ƙi tumatir ne kawai.

Sai dai kafin a ɗora wa fusariyom laifi, wajibi ne a tabbatar ita ce, domin abubuwan da ke sa shuka yaushi a ƙasarmu suna da yawa, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Kayan binciken farko wuƙa ce mai kaifi da kofin gilashi. A tuge shukar da ta fara yaushi amma ba ta gama mutuwa ba, a tsaga karanta a tsaye daga gindi. Idan fusariyom ce, za a ga layi mai launin ƙasa-ƙasa ko ja-ja yana bin ƙarƙashin ɓawo yana haurawa sama, tsakiyar karan kuwa lafiyarta lau, bayan karan ma babu ruɓa. Daga nan a yanke guntun kara daga gindi, a rataya shi a cikin kofin ruwa mai tsabta ba tare da motsa kofin ba. Idan cikin 'yan mintoci wani farin zare mai kama da madara ya fara zubowa daga bakin yankan, to wannan cutar bakteriya ce da ake kira Ralstonia, wadda ke kayar da tumatir farat ɗaya yana kore shar, ba tare da ya tsaya yin rawaya ba. Ita ta fi son damshi da zafin damina, kuma tana kama tattasai da attaruhu da gauta da dankalin turawa gaba ɗaya.

Idan kuwa aka ga farar saƙa ta lulluɓe gindin shukar daidai inda ya haɗu da ƙasa, da wasu ƙananan ƙwallaye masu launin ƙasa da ba su kai ƙwayar gero ba, wannan wata fumfuna ce daban mai ruɓar da gindi, wadda manoman gyaɗa suka sani. A gonakin wake da riɗi da dawa na jigawa, musamman idan ruwa ya ɗauke ana tsakiyar ƙosawa, akan tarar cikin karan ya bushe ya cika da baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu launin gawayi. Wannan ita ce Macrophomina, cutar fari da zafi, wadda ba ta zaɓen abinci sosai. Akwai kuma Verticillium, mai toshe hanyoyin ruwa kamar fusariyom, amma ita sanyi-sanyi take so, don haka an fi tsammanin ta a tudun Adamawa wajen Ngaundare da duwatsun Mandara fiye da kwarin Binuwai. Ƙwayoyinta suna iya wuce shekara goma a ƙasa, kuma tana kama tsirrai fiye da iri 200. Gara da kwanciyar ruwa su ma suna sa yaushi, amma su da an tuge shukar an gane su.

Abu na ƙarshe da za a duba shi ne saiwar kanta, kuma a nan ne yawancin masu lambu ke wucewa da sauri. Idan saiwar ta yi ƙulli-ƙulli da kumburi, to akwai wata 'yar tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, wadda ake kira nematod, tana huda saiwa tana zama a ciki. Ita kaɗai ma tana rage amfani, amma babbar ɓarnarta ita ce buɗe wa fusariyom ƙofa da raunana garkuwar shuka. Ba yau aka gano wannan ba: tun a 1892 masanin da ya fara bayyana yaushin auduga a jihar Alabama ta Amurka, George Atkinson, ya lura cewa cutar ta fi muni a gonakin da saiwa ke da wannan ƙulli. Inda tsutsar ta yi yawa, har iri mai juriya yakan faɗi. A rarrabe ƙullin nan da na saiwar wake da gyaɗa, waɗanda suke manne a gefe, suna ɓantaruwa da yatsa, kuma alheri ne ga ƙasa. Na tsutsa kumburin jikin saiwar ne, ba ya cirewa.

Ƙasarmu da yanayinmu suna taimakon cutar ta fuskoki da dama. Fusariyom ta fi ƙarfi idan zafin ƙasa yana wajen digiri 28 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa tumatirin da aka dasa cikin sanyin Nuwamba da Disamba yakan tsira da sauƙi, wanda ya makara ya shiga zafin Fabrairu da Maris kuwa shi ke shan wuya. Ta fi son ƙasa mai yashi da ɗan tsami, wadda ita ce kuma tsutsar saiwa ta fi so, irin ƙasar gefen mayo da masu lambu ke rububi saboda sauƙin aiki da kusancin ruwa. A ƙasa mai danƙo ba ta saurin yaɗuwa. An lura da haka a gonakin ayaba na tsakiyar nahiyar Amurka, inda cutar ta fi jinkiri a ƙasar da ke da yumɓu mai kumbura idan ya jiƙe, dangin yumɓun karal da ake dasa masakwa a kai. Wannan ba ya nufin karal ta fi ƙarfin cuta, nata matsalolin na kwanciyar ruwa suna nan.

Taki ma yana da hannu. Yawan zuba yuriya da takin salfa mai amoniya yana ƙara wa ƙasa tsami shekara bayan shekara, kuma an tabbatar cewa shukar da ke shan sinadarin naitirojin ta hanyar amoniya ta fi kamuwa da wannan cuta fiye da mai shan sa ta hanyar naitiret. Manomin da ya ga yaushi ya ƙara yuriya, a zatonsa yunwa ce, ya ciyar da cutar ke nan. Ɗaga ma'aunin tsamin ƙasa zuwa tsakanin 6.5 da 7 yana rage ƙarfinta, kuma ana yin haka da garin farar ƙasa, wadda ake haƙar dutsenta a Figil, ko da tokar murhu, wadda ke ƙara sinadarin fotash mai taimakon shuka wajen juriya. Amma a yi hattara: ƙasar karal da ƙasar harde, wato ƙasa mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, ba su da tsami tun asali, zuba musu farar ƙasa ɓarna ce. Wannan shawara ta mai jigawar da ta daɗe tana cin yuriya ce, kuma gwajin ƙasa kafin a zuba ya fi zato.

Tarihin ayaba ya isa ya nuna iyakar abin da kuɗi ke iya yi wa wannan cuta. A shekarun 1950 reshen fusariyom mai kama ayaba ya durƙusar da irin Gros Michel, wanda shi ne ayabar kasuwar duniya a lokacin. Manyan kamfanoni sun gwada magunguna, sun gwada nutsar da gonaki cikin ruwa na tsawon watanni a Honduras, sun yi ta ƙaura zuwa sabuwar ƙasa, cutar tana bin su. Abin da ya ceci sana'ar shi ne sauya iri zuwa Cavendish, kuma gonakin ayaba na kudancin Kamaru ma sun bi wannan sauyi. Yanzu ga wani sabon jinsin cutar mai kama Cavendish ɗin, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Mozambik a 2013.

Iri mai juriya shi ne makami mafi araha ga mai lambu, domin kuɗinsa a cikin kuɗin iri yake. An samo juriyar tumatir ta farko ne daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru wajen 1939, aka shigar da ita cikin irin noma. Haruffan da ake gani bayan sunan iri a jikin gwangwani ko fakiti ba ado ba ne: F na nufin juriyar fusariyom, V ta Verticillium, N kuma ta tsutsar saiwa, saboda haka Roma VF da aka daɗe ana nomawa a yankin nan tana ɗauke da biyu na farko, ba ta da na uku. Wasu kamfanoni suna rubuta Fol da lambobi a gabansa, ko su maimaita harafin F, domin nuna jinsin cutar nawa irin ke jurewa. Lambobin suna da muhimmanci, domin cutar ma tana sauya kama: jinsi na biyu ya karya juriyar farko ya bazu a Fulorida a farkon shekarun 1960, na uku ya bayyana a Ostireliya a 1978. Wanda ya shuka iri mai F guda ya ga yaushi, ba lallai ne an sayar masa da jabu ba. Mai yiwuwa jinsin da ke ƙasarsa ne daban, ko tsutsa ta buɗe hanya, ko cutar bakteriya ce. Wanda kuma ya matse iri daga 'ya'yan tumatirin da aka rubuta F1 a fakitinsa ya sani cewa 'ya'yan ba za su fito daidai da uwar ba, juriyar tana iya ɓacewa a wasunsu.

Bayan iri sai wurin reno, kuma idan da za a ce mai lambu ya gyara abu guda kawai, wannan zan zaɓa. Fili ne ɗan ƙarami, amma duk shukar da za ta cika lambun daga nan za ta fito, kuma dashen da ya kamu tun yana reno ba ya nuna alama sai ya girma. Al'adar yafa iri a kusurwa guda kusa da rijiya kowace shekara, saboda sauƙin ban ruwa, ita ce hanya mafi sauri ta raba cuta ga fangali ɗari. Haka nan sayen damin dashe a kasuwa daga hannun wanda ba a san ƙasarsa ba. A yi reno a ƙasar da ba ta taɓa ɗaukar tumatir da danginsa ba, a ɗaga gadon ya fi kewayensa tudu, a ba shi ruwan rijiya maimakon ruwan da ya ratso tsohon lambu. Tsohuwar dabarar tara karmami a ƙona a kan gadon reno tana da tushe, sai dai zafinta bai cika wuce 'yan santimita na sama ba. Wanda ya turara ƙasar reno a cikin rabin ganga, tana da damshi, ta yi kamar rabin awa da zafin digiri 70, ya fi samun tabbaci.

Akwai kuma dabarar gasa ƙasa da rana, wadda Jaacov Katan da abokan aikinsa suka bayyana a Isra'ila a 1976, kuma da wuya a sami inda ta dace da shi kamar Marwa da Garwa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40. Ana kaftu a farfasa hoge, a daidaita ƙasa, a jiƙa ta sosai har ƙasa, sannan a shimfiɗa farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, a binne gefunanta yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta mako huɗu zuwa shida. Baƙar leda ba ta yin wannan aiki yadda ya kamata, domin ita ke shanye zafin maimakon ta bar shi ya ratsa. Jiƙawar kuma sharaɗi ce, domin damshi ne ke kai zafi ƙasa, shi ne kuma ke sa ƙwayoyin cutar su kasa jurewa. Ƙasar sama tana iya kai digiri 50 ko fiye, zafin yana raguwa yayin da ake nutsawa, don haka bayan an yaye ledar ba a yin kaftu mai zurfi, kada a juyo da ƙasar da ba ta gasu ba. Kuɗin leda ba zai bari a rufe kadada ba, amma gadon reno da fangulan da cutar ta fi ci ba su fi ƙarfin mai lambu ba.

Wata dabarar mai kama da wannan, wadda aka bunƙasa a Japan da Holan, ita ce a cuɗa ƙasa da abu mai saurin ruɓa kamar dusar shinkafa, a cika ta da ruwa, a rufe da leda na wasu makonni, ƙananan halittun ƙasa su cinye iskar da ke ciki su fitar da sinadaran da ke kashe fumfunar. Ga masu lambu a Yagwa da Maga da ƙasan madatsar Lagdo, inda dusar shinkafa ba ta da wuyar samu, abin gwadawa ne a fangali biyu ko uku kafin a faɗaɗa. Noman shinkafar fadama, wanda ke riƙe ruwa a fili na watanni, shi ma yana rage cutar, ko da yake ba ya ƙare ta.

Juya shuka kuwa kowa ya san shi da baki, amma ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Masara da damina, tumatir da rani, shekara bayan shekara a fili guda, ba juyi ba ne a wajen fusariyom, domin watanni shida ba komai ba ne ga ƙwayar da ke jure shekaru. Ana bukatar shekara huɗu ko biyar kafin tumatir ya koma filin da ya kamu, kankana ma fiye da haka, kuma ko a lokacin ragewa aka yi, ba a share ba. Abin da ake sawa a tsakani shi ma abin lura ne. Tattasai da attaruhu da gauta ba su cika kamuwa da reshen tumatir ba, amma suna ciyar da tsutsar saiwa da cutar bakteriya, kuɓewa kuwa tana cikin abin da tsutsar ta fi so. Hatsi, wato dawa da gero da masara da shinkafa, su ne suka fi hutar da ƙasa daga wannan yaushi, albasa ma tana shiga tsakani, muddin ba a mayar da filin na albasa kaɗai ba.

Na faɗi haka ne domin albasa, wadda ita ce dukiyar lambunan Diyamare, wato yankin Marwa, tana da nata reshen, kuma shi ba ya tsayawa a gona. Yana shiga ta gindin albasa inda saiwa ke fita, ganye ya fara bushewa daga baki, gindin ya yi laushi, wani lokaci kuma ba a ganin komai sai an kai rumfar ajiya, inda albasar da aka ajiye domin jiran tsada ke ruɓewa daga ƙasa. Barin albasa ta ƙosa wuyanta ya kwanta kafin a cire, da shanya ta a inuwa mai iska har ɓawonta ya bushe, da tsince duk mai laushin gindi kafin ajiya, suna rage wannan asara. Uwar albasar da za a dasa domin iri ta fi kowace bukatar tantancewa.

A cikin lambun da cutar ta riga ta shiga, aikin da ya rage shi ne hana ta tafiya. Shukar da ta kamu a tuge ta da saiwarta da ƙasar gindinta, a fitar da ita a buhu, a ƙona. Kada a jefa ta a hanyar ruwa, ko a juji da za a kwashe a mayar gona, ko a ba dabbobin da takinsu zai dawo lambu. Tsarin da ruwa ke cika fangali ya malala zuwa na gaba yana raba cutar daidai wa daida, gara kowane fangali ya sha daga babbar hanya kai tsaye, wurin da ya kamu kuma ya zama na ƙarshe a ban ruwa da noma. Fartanya a kankare ƙasar jikinta sannan a tsoma ta a ruwan jabel, wato bilic, da aka sirka, domin jabel ba ya ratsa laka. Takin gida da ya ruɓe sosai yana ƙara yawan halittun ƙasa masu gogayya da fusariyom, cikinsu har da wata fumfuna mai amfani da ake kira Trichoderma, wadda yanzu ake sayarwa a fakiti. Tana taimakawa idan an sa ta tun a reno, amma halitta ce mai rai, fakitin da ya yi watanni a rumfar kwano cikin zafin bazara ba abin dogaro ba ne.

Masu yi wa mangwaro aure a Marwa ba za su yi mamakin jin cewa ana yi wa kayan lambu ba. Tun ƙarshen shekarun 1920 manoman Japan da Koriya suke ɗora kankana a kan gindin dangin kabewa da duma domin tsere wa wannan yaushi, kuma duman nan shi ne wanda muke yin ƙwarya da shi. Ana kuma ɗora tumatir a kan gindin tumatir ko yalo mai juriya. Aikin yana son hannu mai laushi da rumfa mai damshi inda dashen zai yi kamar mako guda yana haɗewa, don haka ya fi dacewa ya zama sana'ar mai reno da ke sayar wa wasu. Turaren ƙasa mai guba da manyan gonakin duniya suka dogara da shi a da, wato methyl bromide, an hana shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wa'adin ƙasashe masu tasowa kuma ya cika a 2015. Garin maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka yana kare tsiro a makonnin farko, ba ya raka shuka har girbi. Wanda wuƙa da kofi ba su warware masa shakka ba, ya kai shuka sukutum da saiwa da ƙasarta ga malamin gona ko cibiyar binciken noma ta IRAD a Marwa ko Garwa, a naɗe a takarda, kada a ƙulle ta a leda a bar ta a rana.

Akwai cikas guda da ba na ilimi ba, kuma shi ke rusa yawancin shawarwarin nan. Da yawa daga cikin masu noman rani a bakin mayo ba su mallaki filin ba, haya suke yi ta rani guda daga mai ƙasa, wani lokaci ta hannun jauro ko lawan. Wanda bai san ko baɗi zai sake samun filin ba, ba zai sa farar ƙasa ba, ba zai kashe kuɗin leda ba, ba zai kuma shuka abin da bai kai tumatir kuɗi ba domin ya hutar da ƙasar da wani zai gada. Mai ƙasa shi ma yakan ba wanda ya fi biya, ba tare da tambayar abin da za a shuka ba, har ranar da masu haya suka daina zuwa. Yarjejeniyar haya ta shekara huɗu ko biyar, wadda aka faɗi a gaban shaidu abin da za a shuka kowace shekara, ta fi amfanar ɓangarorin biyu. Kafin a kai ga haka, mai neman haya yana da damar ya tambayi maƙwabtan filin abin da aka shuka a cikinsa shekaru uku da suka wuce da yadda ya ƙare, ya kuma tuge tsohuwar kuɓewa ko tumatirin da ya rage a gefe ya duba saiwarsa, ya tsaga karansa, tun bai biya kuɗi ba.